Damin Gonar Dogo

Ranar Juma'a da hantsi Hasiya tana ɗakin bincike a Lyon, tana tankaɗe ƙasar da aka ɗebo daga wata gonar inabi, sai wayarta ta motsa a aljihun farar rigarta. Bidiyo ne wani maƙwabcinsu ya turo daga Tungar Illo, ƙauyensu can ƙasar Adar, ko sallama bai sa a gaba ba. Ta kakkaɓe hannu ta buɗe.

Gonar babanta ce. Ta gane ta da jerin duwatsun tare ruwa da kuma mangwarori bakwai na gefen kwari, sai dai uku sun riga sun kwanta, maza shida da gatura suna kan na huɗu. Ta ga yayanta Mamadu ya ɓullo a guje da hauya, ya sauke wa ɗaya a kafaɗa, mutumin ya durƙushe yana ihu. Sauran suka bar itace suka yi masa rubdugu. Wani ya juya gatari ya buga masa bayan gatarin a haƙarƙari, ƙarar ta fito sarai ta cikin wayar har Hasiya ta dafe nata ƙirjin. Babansu Mai Musa, tsoho mai shekara saba'in, ya faɗa kan ɗansa yana kare shi da jikinsa. Suka kama ƙafarsa suka ja shi a kan tsakuwa, rawaninsa yana warwarewa a baya. Daga nan suka yanka jakinsa a bakin rijiya, suka tura gawar ciki, suka kwance igiyar guga suka ɗaure hannuwan Mamadu ta baya. Mai ɗaukar hoton yana ɓoye a bayan dutse, ana jin numfashinsa da salatinsa, kuma bai fito ba.

Hasiya ta fita daga ɗakin binciken, ta kira gida.

Wanda bai san Gonar Dogo ba zai ce wane irin hauka ne a zubar da jini a kan tsakuwa. Dogo kakan Mai Musa ne, kuma bawan Babban Gida ne, wato zuri'ar da ta kafa garin. Da Nasara suka ce babu sauran bauta, Dogo ya wayi gari mai 'yanci, amma ba shi da ko taƙi ɗaya na ƙasa, kuma 'yanci ba ya cika tukunya. Iyayen gidansa na da suka nuna masa wani fako a bayan gari, inda ko akuya ba ta tsayawa, suka ce ya noma aro. Sharaɗin ɗaya ne: duk kaka ya ɗauko damin hatsi guda a kansa ya kai ƙofar Babban Gida. Ba don suna bukatar hatsin ba, rumbunansu a cike suke. Damin magana ce da ake faɗa da kai maimakon baki, ma'anarta ƙasar nan ba tawa ba ce. Mai kai dami ba ya dasa itace, ba ya haƙa rijiya, ba ya barin gado.

Dogo ya kai, ɗansa ya kai, Mai Musa ma ya kai. A tsakanin nan suka tsince duwatsun fakon da hannu suka jera su, suka haƙa ramukan shuka ɗaya bayan ɗaya suna cika su da taki, har wurin ya zama gonar da matafiya ke tsayawa kallo. Shekara goma sha tara da suka wuce Mai Musa ya yi kaka ya zuba hatsinsa duka a rumbu, ya zauna yana jiran abin da zai biyo baya. Babu abin da ya biyo. Manyan Babban Gida sun tafi birni da ƙasashen waje, ba wanda ya damu da dami ɗaya. Sai ya dasa mangwaro, ya haƙa rijiya. A lokacin Hasiya tana da shekara shida, kuma bai taɓa zaunar da ita ya gaya mata abin da ya daina ba, don ya yi wa kansa alkawari 'ya'yansa ba za su tashi da wannan kaya a ka ba. Bana da hukuma ta fara ba manoma takardar mallaka, ya kai sunansa gaban kwamitin ƙasa da shaidu, cewa shekara goma sha tara babu dami kuma babu wanda ya nema.

A waya muryar babanta ta fito a shaƙe, kamar bakinsa ya kumbura. Ya ce Mamadu yana zauren Babban Gida a ɗaure, sun ce ba za su sake shi ba sai dami ya iso. Jandarmomi, jami'an tsaron karkara, suna da nisan rabin yini, kuma an aika ba su zo ba. Ta tambaye shi me ya ba mutanen nan ƙarfin hali haka. Ya yi ta kewaye-kewaye, da ta matsa sai ya ce jiya a gaban kwamiti sun fito da wani hoto, sun ce ba a taɓa daina kai dami ba, hanya ce kawai ta canza. Bara ma an kai, har Paris, hannu da hannu ga babban magajin gidan.

"Wa ya kai, Baba?"

"Ɗiyata, ke ce cikin hoton."

Ta zauna a kan matakala. Ta tuna ranar kamar jiya. Alhaji Awwal, babban magajin Babban Gida, ma'aikaci ne a wata babbar ƙungiyar duniya a Paris, irin mutanen nan da ke tashi a taro da babbar riga su yi magana a kan talakan manomi har Turawa su share ƙwalla. Shi ya tarbe ta a filin jirgi shekara uku da suka wuce, shi ya nuna mata yadda ake takardun zama, matarsa Hajiya Batula ta kwantar da ita mako guda kafin ta wuce Lyon. Bara da ta je hutu gida ta dawo, ta ga bai kamata ta shiga gidan mutanen da suka yi mata wannan alheri hannu biyu ba. Ta ɗebi sabon hatsi daga rumbun babanta, ta ce masa na furarta ne, ta kai shagon atamfar Hajiya a unguwar Château Rouge ta Paris ranar Asabar, shago cike da 'yan gida. Ta durƙusa kamar yadda aka koya mata ta miƙa wa Alhaji jakar, har da cewa na gonarmu ne, na bana. Tarik ƙanen Alhaji, ƙato mai aikin gadi a wani kanti, ya ce ta tsaya haka ya ɗauki hoto. Kowa ya yi dariya, ita ma ta yi.

Kunya da baƙin ciki suka rufe ta. Shekara uku tana karatun ƙasa, ta san gishirinta da taushinta, ta san abin da ke kashe ta da abin da ke raya ta, amma abin da kowace tsohuwa a Tungar Illo ta sani game da ƙasar ubanta ita ba ta sani ba.

Mai Musa ya ce kwamiti zai sake zama ranar Litinin. Malamin makaranta da ke rubuta musu takarda ya raɗa masa cewa in aka samu wani daga Babban Gida ya faɗa da bakinsa kyauta ce ba dami ba, hoton ya faɗi. Amma wa zai faɗa? Hasiya ta roƙe shi da Allah da Annabi kada ya ɗauki komai a kansa, ya ba ta zuwa gobe da la'asar. Ya ce to, Allah ya kai mu.

Ta buɗe akwatinta ta ciro wani zane shuɗi mai zanen ganye, wanda sau biyu kawai ta taɓa ɗaurawa. Ranar da ta kai hatsin, Hajiya Batula ta zaro turmin nan daga saman kantar shagon ta ba ta tukuici a gaban jama'a. Wannan kuwa Hasiya ta sani ba sai an gaya mata ba: kyauta ake yi wa tukuici. Wanda ya karɓi haƙƙinsa ba ya ba da komai, ko sannu ba dole ba ce. Dogo ya shekara arba'in yana kai dami, ko ruwa ba a taɓa ba shi a ƙofar gidan nan ba.

Da safe ta hau jirgin ƙasa a tashar Part-Dieu ta Lyon. Awa biyu tana kallon gonakin Turawa suna wucewa, shimfiɗe, kore, kowacce da shingenta da mai ita, tana ta kiran lambar babanta ba ta shiga. A Paris ta sauka ta canza zuwa jirgin ƙarƙashin ƙasa, layi na huɗu. Ta fito Château Rouge wajen azahar, cikin warin kifi busasshe da hayaƙin masara, masu talla suna miƙo mata katin kitso tana turewa. Kafin ta shiga shagon ta buɗe lambar malamin makaranta, ta danna wurin saƙon murya ta kulle shi yana ɗauka, ta riƙe wayar a ƙarƙashin mayafi.

Asabar ce, don haka duk suna nan. Hajiya Batula tana bayan tebur da almakashi tana yanka wa wasu mata uku yadi. Alhaji Awwal yana kan kujerarsa ta kusurwa da shayi da jarida. Tarik ya jingina da ƙofa, kafaɗunsa sun kusa cike ta. Da ganinta Alhaji ya ajiye kofi a hankali, kuma Hasiya ta gane ya san abin da ya kawo ta.

Ta durƙusa ta gaishe su gaisuwa cikakkiya, gida da aiki da sanyi da gajiya. Alhaji ya amsa da fara'ar nan tasa ta taro. Kafin ta ce komai ya riga ta, ya ce ya ji abin da ya faru a gida, ransa ya ɓaci ƙwarai, yara ne marasa hankali, amma maganar ƙasa maganar manya ce, tsari ne da aka gada, ba shi ya kafa shi ba kuma ba shi zai rushe shi daga Paris ba. Ya ce babanta ya kai abin da aka saba kaiwa a zauna lafiya, ba wanda zai kore shi, ya noma har ƙarshen ransa. Ya faɗi wannan da taushi, kamar mai ba da sadaka.

 Hasiya ta juya wajen Hajiya Batula, wadda duk Château Rouge an san ta da abu ɗaya: za ta yafe maka zagin ubanta kafin ta yafe maka ka kira ta marowaciya. Hasiya ta ɗaga murya yadda matan nan uku za su ji, ta ce ita ba maganar gona ta kawo ta ba, wata magana ce ke yawo a bakin 'yan gida a Lyon ta ga ya kamata Hajiya ta sani. Ana cewa yarinya ɗaliba ta ɗauko tsaraba tun daga Adar ta kawo gidan nan, Hajiya ta karɓe ta lamushe, ko allura ba ta ba da tukuici ba.

Almakashin ya tsaya a tsakiyar yadi. Hajiya ta cire tabarau.

"Ni? Wace 'yar banza ta hwaɗi haka? Zanen ga da ke jikinki wa ya ba ki shi? Ba tukuicin tsarabar da kinka kawo ba ne, nan wurin ga, gaban mutane? Tsaraba kinka kawo, turmi guda ni ba ki, mai tsada, ba irin wanga na tebur ba. Ku tambayi Alhaji, shina zamne."

"Batula," in ji Alhaji, amma ya makara.

Tarik ya fi yayansa saurin ganewa. Idonsa ya sauka kan hannunta da ke ƙarƙashin mayafi, ya taka sau biyu ya damƙe wuyan hannun ya murɗe. Hasiya ta ji ƙashin yana shirin rabuwa. Ta sunkuya ta cije shi a dantse har ta ji ɗanɗanon jini, ya sake ta, ta juya masa baya ta danna aikawa da babban yatsa. Bai san ta riga ta aika ba. Ya kama ta ta ɗankwali da gashi gaba ɗaya ya buga fuskarta a bakin tebur. Haske ya ɗauke mata, wani abu ya fashe a bakinta, ta ji haƙorinta na gaba yana yawo a kan harshe. Ya sake bugawa. Matan suka watse waje suna kururuwa, tarin atamfa ya zube ƙasa, Hajiya tana kiran sunan Tarik tana jan rigarsa, ya ture ta da gwiwar hannu ta faɗa kan kujera.

"Ɗiyar bayi," yake cewa, yana haki, "ke har kin isa ki ɗana muna tarko? Ba ni wayar nan."

Ta faɗi ƙasa a kan wayar, ya sa takalmi ya shure ta a ciki, ya sake shurinta a haƙarƙari, daidai inda aka bugi Mamadu. Almakashin Hajiya ya faɗo tare da yadin, yana nan kusa da fuskarta. Da Tarik ya sunkuyo ya dafa ƙasa don ya juya ta, ta ɗauka da hannu biyu ta caka masa a bayan hannu da duk ƙarfin da ya rage mata, har ta ji bakin ƙarfen ya taɓa daɓe. Ƙaton ya yi wata ƙara irin ta bijimi a mayanka, ya koma da baya yana riƙe da hannun, almakashin yana tsaye a ciki, jini yana tsiyaya a kan atamfofin Hajiya.

Duk wannan abu Alhaji Awwal bai tashi daga kujerarsa ba. Ya dai janye ƙafafunsa don kada jini ya taɓa masa takalmi, yana maimaita a hankali cewa a yi haƙuri, a yi haƙuri, za a tara mana 'yan sanda. Hasiya ta dafa tebur ta miƙe. Ta tofa haƙorin a tafin hannunta, ta dube shi, ta ajiye masa a kan jaridarsa kusa da kofin shayi. Sannan ta fita.

A waje mutane sun taru, wani mahauci Balarabe ya miƙo mata tsumma da kujera, wata mai kitso tana cewa an kira motar asibiti. Hasiya ta zauna ta duba wayar. Gilashin ya tsage, amma saƙon ya tafi, kuma malamin ya saurara har ya amso da cewa ya ji, magana ta fito sarai, zai kai gaban kwamiti. Wani irin farin ciki mai zafi ya taso mata tun daga ciki, ta yi dariya jini yana zuba a kan shuɗin zanen. Ta gyara abin da ta ɓata. Ƙarfe uku bai yi ba, ta riga la'asar.

Ta kira babanta. Wannan karon ta shiga.

Ta yi ta zuba magana da fasasshen baki, ta ce Baba an samu, matar Alhaji ta faɗa da kanta, malam ya ji, ranar Litinin hoton nan ba shi da sauran amfani. Tsohon ya saurare ta har ta gama bai katse ta ba. A bayansa tana jin hayaniyar mata da kukan wani yaro, da muryar namiji yana nishi.

"Mamadu na nan gida," in ji shi. "An sako shi."

Ta ce alhamdu lillahi, sannan maganar ta isa kanta, ta tambaye shi yaya aka yi aka sako shi.

Ya gaya mata a hankali, ba tare da ya ɗaga murya ba. Da gari ya waye an bar shi ya leƙa zauren. Igiyar guga ta shige cikin nama, hannuwan Mamadu sun kumbura sun yi baƙi, yatsun ba sa motsi, yana tari da jini. Wanzamin gari ya ce in aka kai azahar a haka sai dai a yanke hannun. Ya nemi layinta bai samu ba. Sai ya koma gida ya hau rumbu ya zaro dami mafi girma, ya ɗora a kansa. Yau kasuwar Tungar Illo ke ci. Ya bi ta tsakiyarta, don sun ce ba ta bayan gari ba, mai gari da mutanen kwamiti biyu suna zaune a ƙofar Babban Gida suna kallo. Ya sauke, ya durƙusa, aka tambaye shi gonar wa yake nomawa, ya faɗa, aka rubuta, ya dangwala yatsa.

"Baba, na ce ka jira ni."

"Na jira, ɗiyata. Hannun ne bai jira ba."

Ta rufe ido. Ta jira ya ce ke kika jawo, ta ma so ya faɗa, don da ya faɗa da ta samu abin riƙewa. Bai faɗa ba. Ya ce laifinsa ne da bai gaya mata ba tun tana ƙarama, ya ɗauka in bai faɗa ba abin zai mutu da kansa. Ya ce damin bai yi masa nauyi kamar yadda ya zata ba, wuyansa bai manta ba. Sannan ya ce yana jin maganarta wani iri, ko mura ke damunta?

Motar asibiti ta tsaya a bakin titi, mutum biyu suka nufo ta da jaka, 'yan sanda suna biye. Hasiya ta danne tsumman a baki, ta haɗiye jinin da ya taru.

"Mura ce, Baba," ta ce. "Garin akwai sanyi."